Abincin daji a ƙasar Tarka: abin da kowane lokaci ke kawowa da yadda ake sarrafa shi

Duk shekara idan bazara ta kama, hatsi ya ja baya a rumbu, tambayoyi iri ɗaya ne ke zo mana a gidan rediyo. Kwana nawa ake jiƙa hanza? Ana iya cin fara bayan an yi feshi? Yaya ake bambanta tafasa da rai-ɗore? Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara amsoshin wuri guda, mu bi shekara daga damina har bazara, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

Maganar da muke so ku riƙe ita ce: daji rumbu ne na biyu. Yana da lokutansa kamar gona, yana da ƙa'idar girki, kuma yana ƙarewa idan ba a kula da shi ba.

Inda muke zaune

Ƙaramar hukumar Tarka tana cikin Damargu, a arewacin jihar Damagaram. Da muna ƙarƙashin Tanut, sai a 2011 aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta. A ƙidayar 2012 mun haura mutum 90,000: Hausawa, Buzaye, Fulani, Dagira da Larabawa, manoma da makiyaya. Ruwan da muke samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 200 zuwa 350, kuma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo ta biyo ta wannan yanki namu. Kun ga ke nan muna bakin gaɓar noma. Shekara guda Damargu ta cika kasuwannin Damagaram da Agadas da hatsi, wata shekarar ko irin da aka shuka ba ya dawowa.

Itatuwan kudu irin su ɗorawa, ɗinya, taura da kaɗanya ba namu ba ne, a kasuwa muke ganin ɗiyansu. Namu su ne masu jure ƙishirwa: hanza, aduwa, magarya, jiga, dakwara, da goruba a cikin kwari.

Damina: lokacin ganye

Daga Yuli zuwa Satumba. Mako biyu ko uku bayan ruwan shuka, ganye ke fitowa a gonaki, bakin tabki da tsoffin makwantan dabbobi. Wannan shi ne lokacin da aiki ya fi yawa, hatsi kuma ya fi tsada, don haka ganyen nan yana zuwa daidai kan gaɓa.

Tafasa ita ce kan gaba. Ana tsinkar ganyenta tun yana ɗanye shar, kafin ta yi fure. A dafa, a zubar da ruwan, a matse, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, gishiri, albasa da yaji, ko a haɗa da tsakin hatsi a turara dambu. Gasaya tana da ɗaci, ita ma ana zubar da ruwan farko. Rukuɓu ɗan uwan alayyafo ne, ba ya buƙatar doguwar dahuwa. Lalo da yoɗo na miyar yauƙi ne, su ke tsaya wa tuwo idan babu kuɓewa. Tsidau ma ana cin ganyensa tun yana ƙarami, kafin ya yi ƙaya.

Koren ganye yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai kare ido daga dundumi. Jiki ya fi amfana da shi idan an sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a ciki. Mata masu juna biyu da masu shayarwa su suka fi buƙatarsa.

Babban aikin damina shi ne shanya. Ganyen da aka bari a gona a Agusta, shi za a sayo da kuɗi a Afrilu. A shanya a inuwa bisa tabarma, inda iska ke ratsawa, nesa da awaki da ƙura. Ganyen da ya bushe a inuwa yana riƙe korensa da amfaninsa fiye da wanda rana ta ƙone. Idan ya bushe ƙarau har yana karyewa a hannu, a zuba a buhu mai tsabta a rataye.

Kaka: ƙwayar ciyawa da fara

Oktoba da Nuwamba. Hankalin kowa na kan girbin hatsi da wake, amma daji ma girbinsa ya nuna.

Ƙarangiya, wadda ke damun matafiyi a ƙafar wando, tana ɗauke da ƙwaya ƙarama a cikin ƙayarta. Ana tara ta, a daka a turmi har ƙayar ta rabu, a sheƙe, a samu ƙwayar a yi tuwo, kunu ko hura. Aiki ne mai cin lokaci, buhu cike ba ya ba da ƙwaya mai yawa, sai dai ƙwayar ta fi ta gero sinadarin gina jiki. Cin ta ba sabon abu ba ne. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, kuma ya rubuta cewa Buzaye da yawa daga Barno har Tambutu da ƙwayar ƙarangiya suke rayuwa. Garaji da guɗe-guɗe su ma ana sharo ƙwayarsu a fadamu inda ruwa ya kwanta. Idan tabki ya fara janyewa, ana tono saiwar bado a dafa ko a gasa, ƙwayarsa kuma a shanya.

Fara ita ce naman talaka a wannan lokaci. Da asuba ake kamun ta, sa'ad da sanyi ya hana ta tashi. A tafasa da gishiri, a shanya, a cire fiffike da ƙafafu, a soya da yaji. Mata da yara da yawa da kuɗin fara suke yin sutura. Amma akwai sharaɗi babba, za mu zo gare shi a ƙasa.

A kaka ne kuma gobarar daji ke farawa, musamman shekarar da ciyawa ta yi kyau. Wutar shayi guda da aka bari ba a kashe ba tana iya cinye kiwo, ƙwayar ciyawa da ƙananan itatuwa na tafiyar yini.

Ɗari: ɗiyan itace

Disamba zuwa Fabrairu. Magarya ce ke buɗe fage, tun ƙarshen kaka take nuna. Ɗanyarta tana da bitamin C sosai, busasshiyarta kuma tana ajiyuwa wata da watanni. Ana daka busasshiyar a hankali don garin ya rabu da ƙwallon, a tankaɗe, a yayyafa ruwa, a dunƙula, a turara ko a gasa. Shi ne akuri, guzurin matafiya da makiyaya. Ana kuma dama garin a kunu, yana rage buƙatar sukari. Kurna ƴar uwarta ce, an fi samun ta cikin gari da bakin rijiya.

Aduwa tana zubar da ɗiyanta a wannan lokaci. A ɓare ɓawon, a tsotse, zaƙi da ɗaci a haɗe. Wanda ya sha da yawa zai yi gudawa, don haka a lura da yara. Abin da mutane da yawa ke yarwa shi ya fi daraja: a cikin ƙwallon akwai ƙwaya wadda sama da kashi 40 cikin 100 nata mai ne. Ana fasa ƙwallon da dutse, a dafa ƙwayar a zubar da ruwan don ɗaci ya fita, a ci kamar gyaɗa, ko a soya a daka a matse mai. Man aduwa na girki ne, na shafawa ne, ana kuma yin sabulu da shi. Itacenta shi ake sassaƙa allon makaranta da ƙotar gatari.

Ƙaro ma a ɗari yake tsatsowa a jikin dakwara. Yara makiyaya na tsotsa, mata na sa shi a kunu, malamai na haɗa tawada da shi, kuma na dakwara shi ne wanda ake fitarwa ƙasashen waje.

Rani: ganyen bisa

Maris da Afrilu. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta zama ƙura, amma itatuwa masu dogon jijiya suna nan kore.

Jiga ba ta zubar da ganye. Ganyenta na da ɗaci, ana dafa shi a canza ruwa sau ɗaya ko biyu, a matse a yi kwaɗo ko dambu. Aduwa idan ta yi sabon toho da fure, shi ake kira dubagara, ana dafa shi kamar sauran ganye. Yaɗiya tana yaɗo a ƙasa ko bisa shinge duk tsawon shekara, ana cin ganyenta, furenta da kan tohonta, ta fi daɗi da wake. Bagayi kuma ana shanya ganyensa a daka tare da hatsi.

Goruba tana nuna a cikin kwari. Ana gwaguyar ɓawon, ko a daka a fitar da garin a dama kunu. Ƙodagon na hura wuta, kaba kuma ta tabarma, igiya da faifai. A nan akwai abin lura: goruba tana da mace da namiji, macen kaɗai ke yin ɗiya, kuma sai ta tashi ta yi tsawo. Idan kullum ana yankar kabar tun daga ƙasa, ana sare zuciyarta, ba za ta taɓa zama itace ba. A kowane gungu a bar ƙafa ɗaya ko biyu su tashi.

Bazara: lokacin hanza

Mayu, Yuni, har cikin Yuli idan ruwa ya yi jinkiri. Nan ne wahala ke kaiwa ƙarshe, nan ne kuma hanza, wadda wasu ke kira anza, take nuna. Allah ya daidaita lokacinta da lokacin da rumbu ke wofi. Ko shekarar da hatsi ya ƙone, hanza tana yin ɗiya, don jijiyarta na can ƙasa inda danshi yake.

Ɗiyanta, wato dilo, idan sun nuna sukan koma rawaya, ruwan cikinsu mai zaƙi ne, ana tsotsa haka nan. Ƙwayar ciki ita ce abinci, amma ɗanyarta tana da ɗaci mai cutarwa. Ga yadda ake yi:

Na ɗaya, a tsinko waɗanda suka ƙosa, a bar ƙananan su girma. Na biyu, a shanya su bushe, a daka a hankali ɓawon ya fita, a sheƙe. Na uku, a jiƙa ƙwayar cikin ruwa mai yawa, a riƙa zubarwa ana sa sabo kullum, idan da hali safe da yamma. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 7. Wasu na fara tafasa ta ko su sa ruwan toka don aikin ya yi sauri. Na huɗu, babba ya ɗanɗana ƙwaya guda. Idan da sauran ɗaci, a ci gaba da jiƙo, kada a ƙidaya kwana a ce ai ya isa. Harshe ne alƙali. Na biyar, a dafa da sabon ruwa har ta yi laushi.

Daga nan a ci da mai, gishiri da yaji kamar wake, ko a haɗa da tsaki a yi dambu, ko a sake shanyawa a niƙa a gauraya da garin hatsi. Tiya guda ta hatsi idan an haɗa ta da garin hanza tana ƙara kwana a gida. Hanza tana da sinadarin gina jiki kusa da na wake. Ruwan jiƙon kuwa a zubar nesa, kada yaro ko dabba su sha.

Mun san inda matsalar take: ruwa. Rijiyoyin Damargu masu zurfi ne, sai da raƙumi ko jaki ake jan guga, kuma a bazara ake layi mafi tsawo. Ƙarancin ruwa da matsin yunwa su ke sa uwar gida ta gajarta jiƙo, daga nan ciwon ciki da amai su biyo baya. Dabarar ita ce a tara hanza a shanya a ajiye da ɓawonta, idan ruwan sama ya sauka tabki ya kawo sai a jiƙa da yawa lokaci guda, a busar, a adana ta a wanke don baɗi. Ganyenta ma ana shimfiɗa shi cikin rumbu ko buhun wake, warinsa na korar ƙwari.

Abubuwan da za a kiyaye

Fara bayan feshi. Idan ma'aikatan kare amfanin gona sun yi feshi a wani yanki, kada a kama farar wurin, kada a tsinci wadda ta mutu ko take layi a ƙasa, kada a tsinki ganye a gonar. Dahuwa da suya ba sa fitar da maganin. Mai sayen fara a kasuwa ya tambayi inda ta fito.

Tafasa da rai-ɗore. Suna kama, suna fitowa wuri guda. Ganyen tafasa jere uku ne a kowane hannu, bakinsa a zagaye. Na rai-ɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, ya fi yawa, bakinsa mai tsini. Ɗanyar ƙwayar rai-ɗore tana lalata hanta, tana iya kashe ƙaramin yaro. Zaƙami, wato babba-jibji, yana gusar da hankali, yana kuma kisa. Ruwan tumfafiya na ƙona ido. Duk abin da ba ku sani ba, ku bar shi, ko da kun ga akuya na ci.

Maciji da kunama. Kububuwa na son gindin hanza da magarya. A fara bugawa da sanda kafin a sa hannu, a sa takalmi. Idan an yi sara, a garzaya gidan likita, kada a tsaya tsaga ko ɗaure gaɓa tamau. Yaran da ke shiga tabki neman bado kuma, idan an ga jini a fitsarinsu tsargiya ce, tana da magani.

Ƙananan yara. Jariri nono kaɗai zai sha har wata 6. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara. Ganye kawai ba ya riƙe yaron da aka yaye, cikinsa ƙarami ne. Idan yana ramewa, ko ƙafafunsa na kumbura, ko gashinsa ya yi ja, tamowa ce, a kai shi awo ba tare da jinkiri ba.

Me ya sa ake jin kunyarsa?

Tsofaffinmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda ake kira El-Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka. A waɗannan shekaru har gidan tururuwa an tona don neman ƙwaya. A 2004 farar dango da ƙarancin ruwa suka haɗu, 2005 ta zo da tsadar hatsi da tamowar yara. A lokacin wasu kafofin labarai na Turai sun nuna mata na dafa hanza da ganye a matsayin alamar cewa mutane sun koma cin guba. Yunwar gaskiya ce, ba mai musu. Amma hanza da jiga abincinmu ne tun kafin yunwar, kuma su suka riƙe gidaje da yawa har taimako ya iso.

Tun daga nan sunan abincin yunwa ya manne musu. Yau akwai gidan da zai ci bashin shinkafa da taliya, hanza na zuba a bayan gari, don kada maƙwabta su ce sun talauce. Budurwa na iya kai aure ba ta taɓa ganin jiƙon hanza ba. Ranar da buƙata ta zo, wa zai nuna mata?

A wani gefen kuwa darajarsa na ƙaruwa. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar Eden Foundation ta kafa gonar gwaji a Dalli kusa da Tanut, ta riƙa raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci, ana shuka ƙwayar kai tsaye a gona ba tare da ban ruwa ba. A 2014 Josef Garvi ya buɗe Sahara Sahel Foods a Damagaram, inda ake sayen hanza, aduwa da magarya daga hannun matan karkara, a sarrafa su zuwa gari, biskit da mai, a sayar a birane. Abin da muke ɓoyewa a bayan ɗaki, ga shi cikin leda da tambari a kanti.

Kula da rumbun

Mai tsinka ya kakkaɓe da ƙugiya, kada ya sare reshe don ɗiyan da ke bisa. Ya bar wasu su faɗi, daga su ne sabon itace ke fitowa. Itacen da ke cikin gonar mutum a nemi izininsa. Gawo, aduwa, dakwara da goruba suna cikin itatuwan da doka ta kare, sare su ba da izinin ma'aikatan gandun daji ba laifi ne.

Manomi kuma idan ya zo sassabe, ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ya gyara su. Wannan sassaben zamani daga Maraɗi ya faro a shekarun 1980, kuma da shi manoman Nijar suka mai da itace a kan eka miliyoyi. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da dashen itace, ƙwayar aduwa ko hanza da aka binne a gefen gona ta fi dashen da zai mutu saboda rashin ban ruwa.

Ƴan uwa na bida, kuna ƙoƙari wajen aiko da kuɗin hatsi, Allah ya saka. Idan kun kira gida a Agusta, ku tambaya ko an shanya tafasa da yoɗo. Idan kun kira a bazara, ku tambaya ko an tara hanza, ku sa kuɗin ruwan jiƙo a cikin aiken. Ku kuma ce wa ɗiyanku su zauna kusa da kakanninsu su ga yadda ake yi, tun masu sanin suna raye.

Wanda ya san wani ganye ko ɗan itace da ba mu ambata ba, ko sunansa da Tamajak, Fulatanci ko Barbarci, ya leƙo gidan rediyo ko ya aiko mana da saƙon murya, za mu ƙara a wannan shafi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da fari da fara.